Daga Ƙwan Fitila Zuwa Caja: Abin da Taransifomar Unguwa Ke Ɗauka a Katsina

Har gobe Bakatsine "wutar Nefa" yake cewa, alhali NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN tun 2005, kuma daga 2013 rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Canjin sunan kowa ya san da shi. Canjin da aka fi mantawa da shi kuwa, a cikin ɗaka ya faru.

A zamanin da Katsina ta zama babban birnin jiha, a 1987, kayan wutar magidanci ba su wuce ƙwan fitila da fanka da dutsen guga da rediyo ba, sai firji da talabijin ga mai hali. Ƙwai mai zare da dutsen guga a hankali suke jan wuta, suna bin kaɗawarta sau 50 a daƙiƙa. Da wayar salula ta shigo a 2001, caja ta cika gari, ga kwamfuta, ga ƙwai mai tsimin wuta. Waɗannan ba sa sha sai igiyar wutar ta kai ƙololuwa, sannan su kurɓa lokaci guda. Kurɓar nan ke haifar da ƙarin kaɗawa, sau 150 da sau 250, wadda injiniyoyi ke kira hamonik. Ta sau 150 ta fi ɓarna: taruwa take yi a wayar nutural daga layuka ukun da ke fitowa daga taransifoma, ta ɗumama ta, ta ƙara wa taransifoma zafi.

Turawa sun riga sun ɗanɗana. Hukumar IEC ta duniya ta fitar da ƙa'idar taƙaita hamonik a 1982, ta sabunta ta a 1995 da lamba 61000-3-2, Tarayyar Turai ta wajabta ta daga 2001. A Najeriya, hukumar SON ta ɓullo da shirin SONCAP a 2005 don tantance kayan da ake shigowa da su.

Sai dai ƙa'idar IEC ɗin, in an cire fitilu, ta ƙyale kayan da ba su wuce wat 75 ba, cajar waya kuma tana can ƙasa sosai. Mai shagon caji a Ƙofar Ƙaura ko Babbar Kasuwa yakan jera caja fiye da hamsin a allo ɗaya, kowace ba ta karya doka ba, amma layi guda suke kurɓa. In taransifoma ta ƙone, lodi da jan wuta ta bayan fage ake zargi, kuma galibi da gaskiyar masu zargin. Ba kasafai ake sa ma'auni a wayar nutural a duba ba.