Iyakar Aiki da Nauyin Amana: Matsayin Mataimakan Nas a Dokar Nijeriya da Ɗa'ar Jinya

Gabatarwa

Likita kan zagaya ɗakin marasa lafiya sau ɗaya ko biyu a rana, nas kuma ta zo da magani idan lokacinsa ya yi. Wanda ya fi daɗewa a bakin gado shi ne mataimaki, wato atenda a asibitin gwamnati, ko wadda ta koyi aiki a hannun likita a asibitin kuɗi, jama'a suna ce mata nas alhali ba ta da rajista. Su ke juya majiyyaci don kada gyambon kwanciya ya kama shi, su canja zanen gado, su ba shi abinci, su kai shi makewayi. Wannan maƙala tana da'awar cewa babban nauyin da ke kan mataimaki, a doka da a ɗa'a, shi ne sanin iyakar aikinsa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa wannan nauyi shi kaɗai.

Abin da doka ta tanada

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da Doka ta 89 ta 1979, ita ke da ikon yi wa nas da ungozoma rajista. Kafin a kai ga rajistar, sai an yi shekara uku a makarantar jinya ko biyar a jami'a, an kuma ci jarrabawar Majalisar. Majalisar ba ta da rajista ga waɗanda suka koyi aikin a asibitin kuɗi, kuma laifi ne mutum ya kira kansa nas ba tare da rajista ba. Ke nan mataimakin da ya yi allura ko ya ɗaura ƙarin ruwa bisa ra'ayin kansa ya shiga hurumin da ba nasa ba. Rasuwar mawaƙin nan Mohbad a Legas a watan Satumba na 2023 ta fito da wannan batu fili, domin 'yan sanda sun bayyana cewa wata da ba ta da rajista ce ta yi masa allurai a gida kafin ya rasu.

Rashin rajista kuwa ba ya sauke nauyi. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mai da duk bayanin da ya shafi lafiyar majiyyaci sirri, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umurnin kotu, ko idan ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Wannan ya hau kan duk wanda ke aiki a asibiti. Atendar da ta ga sakamakon gwajin ƙanjamau a kati, ta je ta faɗa wa kishiyar mai katin, ta karya doka, ta kuma iya rusa aure. Haka nan a shari'ar Okonkwo ta 2001, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani. Don haka tsawa ko danne tsoho a ɗura masa magani ba ya cikin aikin kowa. A jihohin Arewa, Kundin Penal Code ya hukunta kisan da ya auku ta hanyar ganganci ko sakaci, ba tare da duba ko mai laifin yana da takardar shaida ba.

Fiƙihun Malikiyya da jama'armu suka tashi a kai ya daɗe da rarrabe masanin aiki da wanda bai san shi ba. Ibn Rushd ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba ya cikin masana aikin, to lamunin ɓarnar yana kansa, domin ya ƙetare iyaka. Doka da addini sun haɗu a nan: kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani.

Abin da ɗa'a ta ƙara

Akwai haƙƙoƙin da kotu ba kasafai take ganinsu ba. Idan za a yi wa dattijuwa wanka a ɗaki mai gado ashirin, a ja labule, a rufe inda ba a kai ba tukuna, a ce mata, "Mama, zan ɗaga ki kaɗan." Wannan ƙaramin neman izini shi ke tsare mata mutunci a lokacin da ba ta iya tsare shi da kanta. Haka kuma gaskiya a rubutu: mataimakin da bai auna zafin jiki ba, amma ya cike gurbin da lambar da ya ƙaga, ya ɓatar da likitan da zai dogara da ita. Mafi muhimmanci shi ne kai rahoto da wuri. Mataimaki ne farkon wanda zai lura numfashin yaro ya canja, ko ƙunzugun mai jego yana jiƙewa da jini fiye da ƙima. Ba a nemi ya san dalili ba. An nemi ya kira nas nan take, ko da tsakar dare ne, ko da za ta yi masa faɗa.

Wa ya kamata ya raba nauyin?

Masu ganin a kori mataimaka baki ɗaya suna da hujja, domin an yi asarar rayuka a hannun waɗanda ba su san aiki ba. Sai dai hujjar ta manta da halin da ake ciki. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya ya ce nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A asibitin karkara inda nas ɗaya ke tsaron dare, dole wani ya taya ta. Matsalar tana tasowa ne idan mai asibiti ya sa wa yarinya farar riga, ya miƙa mata sirinji don ya guje wa albashin ƙwararriya, sannan ya janye jiki ranar da abu ya lalace. Doka ta amince cewa asibiti yana ɗaukar alhakin kuskuren da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, kuma nas ɗin da ta wakilta aiki ga wanda bai iya ba tana da nata kason.

Kammalawa

Abin da ya kamata shi ne hukumomin lafiya na jihohi su rubuta ayyukan da aka yarje wa mataimaki da waɗanda aka hana shi, a liƙa a kowane ɗaki da Hausa da Turanci. A ba shi ɗan gajeren horo mai shaida, da tufafin da suka bambanta shi da nas, domin majiyyaci ya san wanda ke kansa. A kuma kare shi daga kora idan ya ƙi aikin da ya fi ƙarfin saninsa. Sai an yi haka ne za a iya tuhumar mataimaki da adalci idan ya ƙetare iyaka, domin a lokacin an riga an nuna masa inda take.