Yadda Bambancin Launi Ya Shiga Har Filin Wasa a Amurka

A watan da ya wuce na tara littattafai iri uku ina karantawa bayan tashi daga aiki. Waɗansu na tarihin wani wasan ƙwallo ne na Amurka da ake kira besbol, waɗansu na waƙoƙi, waɗansu kuwa na labarin filayen nishaɗi, inda mutane ke biyan kuɗi su kai 'ya'yansu su hau lilo. Da fari na zaci ba abin da ya gama su. Da na yi nisa sai na ga ashe zance guda ne ya ratsa su duka, wato yadda aka daɗe ana hana baƙaƙen mutanen ƙasar yin wasa wuri ɗaya da Turawanta.

Shi besbol mutum tara-tara ke yin sa. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin gaba ya maka mata kulki ya sheƙa da gudu, ya zaga zango huɗu da aka jera, tsakanin kowane biyu ƙafa 90. In ya komo inda ya tashi ba a fid da shi ba, jama'arsa sun ci ɗaya. Can da farko ba a rufe wa baƙin mutum ƙofa sarai ba, don a 1884 wani mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wasa cikin babbar ƙungiyar garin Toledo. Amma kafin 1900 masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun daina ɗaukar baƙi. Abin mamaki, manyan ƙungiyoyin ba su rubuta wannan a littafin dokokinsu ba, kowa dai ya san abin da ake nufi.

To, da aka hana su, sai suka kafa nasu. A 1920 Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyin baƙaƙe a garin Kansas City suka yi haɗaɗɗiyar gasa. Suka sami gwanaye irin su Satchel Paige da Josh Gibson, waɗanda ko Turawa sun san ba su fi su iyawa ba.

Ana nan sai Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin Niyok, ya ƙudura zai karya al'adar. A 1945 ya zaɓi wani saurayi, Jackie Robinson. Shi Robinson ba mai haƙuri da raini ba ne. Yana hafsan soja a 1944 aka ce ya koma kujerar baya a mota, ya ce ba inda za shi, har aka kai shi kotun soja, ta wanke shi. Wannan mutum ne Rickey ya ɗaura wa sharaɗin ko an zage shi, ko an buge shi, kada ya rama. Jama'a, ku duba nauyin wannan alkawari. Da ya rama sau ɗaya, da maƙiya sun ce ga abin da suke faɗi, a sake rufe ƙofa.

Ya yi shekarar 1946 a Montreal ta ƙasar Kanada, ran 15 ga Afrilu 1947 kuwa ya fito filin Ebbets cikin rigar Dodgers. Ya sha zagi iri-iri, aka aiko masa da takardu ana cewa za a kashe shi, wani abokin gaba ya taka shi da takalmi mai ƙusa, a waɗansu garuruwa masu masauki suka ƙi ba shi ɗaki. Ya danne zuciya. Ƙarshen shekara aka ce shi ne gwanin sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwanin gasarsu baki ɗaya. Ku lura, wannan ya riga umarnin haɗa sojoji baƙi da fari na 1948, ya kuma riga hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu. Duk da haka ƙungiyar Boston Red Sox ba ta sa baƙin mutum wasa ba sai 1959. Akwai kuma hasarar da ba a cika faɗi ba: da aka kwashe gwanayen, 'yan kallo suka bi su, gasar baƙaƙe ta durƙushe, masu cin abinci a cikinta suka rasa sana'a.

A littafin waƙoƙi kuwa na tarar da Langston Hughes, baƙin mawaƙi, wanda a 1942 ya fitar da wata gajeriyar waƙa ta bakin yaro da ya zo wurin lilon nan mai juyawa, mai dawakan katako, yana neman inda aka keɓe wa irinsa. Dabarar ita ce, mota tana da baya, abin da ke kewayawa kuwa ba shi da shi. Na ɗauka hikimar mawaƙi ce kawai, sai da na buɗe littafi na uku.

Kusa da birnin Baltimore akwai wani filin nishaɗi, Gwynn Oak, wanda masu shi suka hana baƙaƙe shiga. Aka yi shekaru ana tsayuwa a ƙofarsa ana roƙo, suka toshe kunne. Ran 4 ga Yuli 1963, ranar bikin 'yancin ƙasar, jama'a baƙi da fari suka taru suka nufi ƙofar, 'yan sanda suka kama kusan mutum 300, har da limaman coci. Labari ya bazu a jaridu, kunya ta kama masu filin, suka sakko. Aka buɗe shi ga kowa ran 28 ga Agusta 1963, daidai ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washinton. A ran nan wani magidanci ya ɗora 'yarsa mai wata 11 bisa dokin katako, ya riƙe ta, lilo ya juya da su.

Filin bai daɗe ba bayan wannan. Ambaliyar ruwa ta ɓata shi a 1972, aka rufe shi a shekarar da ta biyo. Lilon kuwa ya tsira, a 1981 aka kafa shi a babban dandalin tsakiyar Washinton, ba nisa da inda King ya tsaya ya yi jawabi.