Tukunyar da Ba a Saukewa

A shekarar 1950, Jacques Monod a Faransa, da Aaron Novick da Leo Szilard a Amurka, suka bayyana hanyar kiwon ƙananan ƙwayoyin halitta ba tare da sauke tukunya ba: ruwan abinci yana shiga a hankali, kwatankwacinsa yana fita. A ganina, ginshiƙin dabarar shi ne ƙayyade abinci. Idan aka taƙaita sinadari guda, saurin zubin ne yake ƙayyade saurin hayayyafa. In zubin ya wuce kima, ruwa ya kwashe ƙwayoyin kafin su ninka.

Masu sukar dabarar suna kafa hujja da katafariyar tukunyar kamfanin ICI a Billingham ta Ingila, wadda ta yi abincin dabbobi na Pruteen, aka daina cikin shekarun 1980. Amma arahar waken suya ce ta kayar da ita, dabarar kuwa ta yi aiki, har Quorn, abincin da ake yi da naman gwari, da ya shiga kasuwa a 1985, ya gaje ta. Sukar da ta fi nauyi ita ce ƙwayoyin suna rikiɗa. Naman gwarin Quorn yakan fitar da iri mai yawan rassa bayan 'yan makonni, dole a tsaya a sake zubi.