Daga Duƙushi Zuwa Ingarma: Tarihin Gasar Dawaki Mai Rukuni Uku

A ƙasar Hausa doki adon sarauta ne, amma kafin ya zama na ado, na fama ne. Hawan sallah da ake yi a Damagaram da Maraɗi gadon zamanin barade da ƴan lifidi ne. Haka lamarin yake a Turai, inda wata babbar gasa ta samo asali daga jarraba dawakin yaƙi.

A shekarar 1902 rundunar Faransa ta fara shirya gasar dokin soja, domin a gane dokin da ya cancanci hafsa ya hau. Abu uku ake nema: ladabi, da jimiri, da sauran ƙarfi bayan wahala. Daga nan rukunan gasar suka fito. Na farko shi ne taka rawa a fili bisa umarnin linzami da ƙafar mahayi. Na biyu sukuwa ce cikin daji, ana tsallake kututture da rami da ruwa. Na uku tsallake sanduna ne waɗanda ke faɗuwa da zarar kofato ya taɓa su, domin a ga ko gajiya ta ci dokin.

Gasar ta shiga wasannin Olimpik a 1912 a ƙasar Suwidin, kuma hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. Mata ba su samu shiga ba sai a 1964 a Tokiyo. A Ingila kuwa wani basarake, Duk na Bofot, shi ya ba da filin gidansa na Badminton a 1949 domin mahayan ƙasarsa su samu wurin gogewa, kuma gasar tana nan har yau.

Sai dai irin wannan aiki ya fi ƙarfin duƙushi. Haƙoran doki ba sa kammala fitowa sai wajen shekara 5, ƙashin bayansa kuwa ba ya gama ƙwari sai kusan shekara 6. Wanda aka ɗora wa nauyi tun kafin nan, ko dai jijiya ta ɓaci, ko tsoro ya shige shi. Dokin da ya faɗi a ruwa yana ƙarami yakan daɗe yana turjewa a bakin kowane gulbi. Saboda haka aka keɓe wa ƙananan dawaki tasu gasa, mai gajeruwar hanya da shingaye marasa tsawo.

Mafi shahara ita ce ta garin Liyon-Danje a yammacin Faransa, wadda aka kafa a 1986, ta zama gasar duniya a 2000. Ana yin ta a watan Oktoba, aji guda na ƴan shekara 6, aji guda na ƴan shekara 7. A nan doki yake fara sabawa da hayaniyar dubban ƴan kallo. Masana sun fi duba yadda ya fito daga fili: yana marmarin ƙari, ko kuwa ya karaya?

Tarihin wani doki na Jamus mai suna Sam ya isa misali. An haife shi a 2000, ya bi ta wannan gasa yana ƙarami tare da mahayinsa Mika'el Yung. Ya zama zakaran duniya a 2010, ya ci zinariyar Olimpik a Landan a 2012 yana da shekara 12, ya sake ci a Riyo a 2016 yana da 16. Dokin da aka yi wa gaggawa ba ya kai wannan shekaru yana fafatawa.

Ita ma gasar manyan ta sauya. Daga Olimpik ta 2004 aka cire doguwar tafiya da tseren tsallake da ake yi kafin shiga daji, rukuni na biyu ya taƙaita.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Shamaki da ƴan barga. Sun san ana saba wa duƙushi da ragama kafin linzami, da kilisa kafin sukuwa, da ƙarar tambari kafin ranar hawa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya albarkaci bargar fada.