MUHAMMADU MUNTARI: YARON KUMASI DA YA CI WA KATAR ƘWALLO A KOFIN DUNIYA

A wannan karo za mu leƙa fagen tamaula ne. Kada dattawanmu su ce mun koma wasan yara, domin kuwa abin da ke cikin labarin ya shafi duk wanda ya bar garin ubansa ya kafa gida a wani wuri, wato mu ke nan.

Ranar Juma'a 25 ga Nuwamba 2022, a filin wasa na Al-Thumama da ke birnin Doha, Katar mai masaukin baƙi ta kara da Senigal a gasar cin Kofin Duniya. Senigal na gaba da ci biyu da nema, sai mai horar da Katar, Felix Sanchez, ya taso da wani dogon saurayi daga benci. Ko minti biyar bai cika a fili ba, a minti na 78, Isma'il Muhammad ya kwaso ƙwallo daga gefen dama ya ɗago ta, saurayin nan ya yi tsalle ya sa mata kai, sai ga ta a raga. Ita ce ƙwallo ta farko da Katar ta taɓa ci a tarihin Kofin Duniya, kuma ita kaɗai ta ci a gasar ta shekarar. Sunan saurayin Muhammadu Muntari. Ba a Doha aka yanke masa cibiya ba, a Kumasi ne ta ƙasar Gana.

HANYAR GWANJA

Mai karatu zai lura da sunan tun kafin a ce masa komai. Balarabe Mukhtar yake cewa, Bahaushe ne ya lanƙwasa shi ya koma Muntari. To me ya kai wannan lafazi tsakiyar ƙasar Asante? Goro ne ya kai shi.

Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina suna ɗaure kaya a kan jakuna, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya har kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayo goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai fatake da malamai suka watsu zuwa wasu garuruwa, irin su Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangara Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar. Duk inda ayari ya sauke kaya ana ce wa wurin zango, kuma har yau sunan da ake kiran unguwannin Musulmi ke nan a Gana. A cikin zango akwai Hausawa, akwai Dagomba da Moshi da Wangarawa da Zabarmawa da Yarbawa, amma Hausa ce harshen kasuwa da na hira, sunaye ma da lafazinta ake kiransu.

Zangunan nan sun daɗe suna haifar gwanayen ƙwallo. Babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, gwanin gefe na ƙungiyar Asante Kotoko wanda ya rasu a 1969. Abdul Razak, haifaffen Kumasi, shi aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Muhammad Kudus kuma daga Nima ya fito, babbar unguwar zango ta Ankara.

DAGA KUMASI ZUWA DOHA

An haifi Muntari ranar 20 ga Disamba 1993. Ya koyi ƙwallo a makarantar horar da yara ta Nii Lamptey, tsohon ɗan wasan Gana. Tun yana matashi ya tsallaka zuwa Katar, ya shiga ƙungiyar El-Jaish, wato ta sojoji. A 2015 ya koma Lekhwiya, kuma da aka haɗe ƙungiyoyin biyu a 2017 aka sa musu suna Al-Duhail, a can ya ci gaba, ban da ɗan zaman aro da ya yi a Al-Ahli.

A watan Disamba 2014 ya fara sa rigar Katar, a wasan sada zumunta da Estoniya, kuma ranar ya jefa ƙwallo a raga. Sai aka tafi da shi gasar cin Kofin Asiya a Ostireliya a Janairu 2015, inda Katar ta sha kashi a dukkan wasanninta uku, ta dawo gida hannu rabbana. Abin bai tsaya nan ba. A 2019 da Katar ta ɗauki Kofin Asiya karo na farko, bayan ta doke Jafan da ci 3 da 1, babu Muntari a cikin tawagar. Almu'iz Ali, haifaffen Hartum ta Sudan, shi ya riƙe gaba, ya ci ƙwallo tara a gasar. Wani in ya ga haka sai ya karaya. Shi kuwa ya daure, ya ci gaba da aikinsa har aka sake waiwayarsa.

A tsakiyar 2021 yana cikin tawagar da aka gayyata gasar Kofin Zinare a Amurka, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. A Disambar wannan shekara kuma, a gasar Kofin Larabawa, Aljeriya na gaba da ci ɗaya, lokaci ya cika har an yi minti bakwai cikin na ƙari, Muntari ya farke da ka. Fili ya ruɗe da sowa. Amma kafin a tashi Aljeriya ta samu fenariti ta ƙara ɗaya. A ina aka yi wannan wasa? A Al-Thumama, filin da zai ci Senigal bayan wata goma sha ɗaya. A wasan Senigal ɗin ma murnar ba ta daɗe ba, don a minti na 84 Bamba Dieng ya ƙara ta uku. Katar ta riga ta faɗi a hannun Ekwado 2 da nema, Holan kuma ta ƙarasa ta da 2 da nema, ta zama mai masaukin baƙi ta farko da ta rasa dukkan wasanninta uku.

SHIN ƘASA ABAR SAYARWA CE?

Masu suka suna cewa ai wannan haya ce, Katar kuɗi ta sa ta sayo 'ya'yan mutane. Maganar tana da tushe. 'Yan asalin Katar ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na mazauna ƙasar ba, ga kuɗin gas kamar ƙasa. A 2003 ɗan tseren Kenya Stephen Cherono ya koma Saif Sa'id Shahin na Katar. Namu ma, Femi Ogunode, ya ciyo musu zinare a tseren wasannin Asiya na 2010 da 2014. A farkon 2004 kuwa suka nemi ba wa wasu 'yan Birazil uku da ke wasa a Jamus takardar zama 'yan ƙasa, cikinsu har da Ailton na Werder Bremen, alhali ba su taɓa zama a Katar ba. Nan fa hukumar FIFA ta ce ba ta san zance ba. A watan Maris na shekarar ta kafa doka cewa sai an haifi ɗan wasa a ƙasar, ko iyayensa, ko kakanninsa, ko kuma ya zauna a cikinta shekara biyu. A 2008 aka ƙara wa'adin zaman zuwa shekara biyar.

Sai dai fa ba Larabawa suka fara ba. Luis Monti ya buga wa Ajantina wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1930, ya kuma buga wa Italiya na 1934 har suka ɗauki kofin. Emmanuel Olisadebe, haifaffen Warri, ya karɓi takardar Folan a 2000, ya ci musu ƙwallo takwas a wasannin share fage, ya kai su Kofin Duniya na 2002 bayan shekara 16 rabonsu da zuwa. Ranar wasan Al-Thumama ma, golan Senigal da Muntari ya ci, Edouard Mendy, a Faransa aka haife shi, haka nan kyaftin ɗinsu Kalidou Koulibaly.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Jama'ar Abuja ba za su manta da ranar 29 ga Maris 2022 ba, da Gana ta zo filin wasa na Moshood Abiola. An yi canjaras babu ci a filin Baba Yara na Kumasi, a nan kuma aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje, 'yan kallo suka fusata suka afka fili suna farfasa kaya. Wa ya ci wa Nijeriya ranar? William Troost-Ekong, haifaffen Holan. A gefensa akwai Leon Balogun na Jamus, da Ademola Lookman wanda ya ɗauki kofin duniya na matasa da Ingila a 2017. Gana kuma da ta tashi tafiya Katar sai ta ɗauko Inaki Williams, haifaffen Sifen, alhali ƙanensa Nico yana buga wa Sifen ɗin a gasa guda. Bambancin dai shi ne waɗannan jini ne ya jawo su, Muntari kuwa zama da aiki ne suka ba shi.

INA RUWANMU?

To, a nan ne maganar ta zo kanmu. Jini ko zama, wanne ke sa mutum ya zama ɗan gari? Tarihin zango ya nuna cewa amsar kan canja idan abinci ya yi wuya. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice daga Gana. Dubban Hausawa da Yarbawa suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasunsu a can aka haife su, ba su san hanyar Kano ko Ogbomosho ba. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka ɗaure kaya, har jakar nan ta samo sunanta da kowa ya sani. Kafin nan, a 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka kai shi Cadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa.

A Katar doka ta 2005 ta ce baƙo sai ya shekara 25 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkinmu na 1999 shekara 15 ya ce. Amma mai gudu da mai buga ƙwallo ƙofa a buɗe take gare su, leburan da ya ɗauki siminti aka gina filin kuwa, in kwangila ta ƙare sai ya kama hanya. Bahaushe ya yi gaskiya, inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Mu zauna-gari-bana-ka-ba na Abuja mun san wannan ɗaci ta wata fuskar. Sunan birnin kansa na baƙo ne: Abu Ja, ɗan gidan sarautar Haɓen Zazzau da suka baro Zariya lokacin jihadi, shi ya kafa garinsa cikin ƙasar Gwari a 1828. Da gwamnatin Murtala ta tsai da shawarar sabon babban birni a 1976 sai aka ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja, gwamnati kuma ta taro daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991. An ce birni ne na kowa da kowa. Duk da haka yaron da aka haifa a Garki ko Gwagwalada, in ya tashi neman aikin gwamnati ko shiga soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar kakansa, garin da watakila bai taɓa kwana ba. Su kuma Gwari da Gade da Koro da sauran waɗanda aka tarar, suna kukan an raba su da gonakin kakanninsu. Kowa da nasa ciwon, kuma wajibi ne mu ji nasu in muna son a ji namu.

Darasin da ke cikin rayuwar Muntari guda biyu ne. Na farko, baƙo da aikinsa yake sayen mutunci. An ajiye shi a 2019, bai yi zuciya ba, ya dage har sunansa ya shiga littafin tarihin ƙasar da ta karɓe shi. Na biyu, yabo ba ya maye gurbin takarda. Iyayenmu na Kumasi sun yi suna, sun yi dukiya, amma ranar da aka ce a fito da takarda, sunan bai cece su ba. Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, kowa ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa, ya karɓi katin ɗan ƙasa da na zaɓe a inda yake zaune, ya mallaki takardar filinsa, ya riƙa halartar taron unguwa. Sa'an nan kada a yanke zumunci da gida, a riƙa kai yara su ga dangi ko da Sallah ce. Gida biyu maganin gobara.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa wa zuriyarmu albarka duk inda arziki ya kai su. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.