GADON IYAYENMU: BANGASKIYAR YAU DA KULLUM

A wannan biki na cikar Ekklesiyarmu shekara 50, ya kamata mu waiwaya mu ga hanyar da Bishara ta bi har ta iso mu, domin waiwaye adon tafiya ne.

A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo Bishara ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 Mishan ɗin SIM ta kafa tasharta ta farko a Patigi. Shekara takwas ke nan ana shuka da hawaye ba a ga tsiro ba.

A ɓangaren CMS kuwa, Dokta Walter Miller ya zauna Zariya tun 1905, yana magani, yana koyarwa, yana fassara. A 1929 aikin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Dokta Andrew Stirrett, wanda aka fi sani da Bature Mai Magani, yana cikin waɗanda suka taimaka da fassarar. Shekara da shekaru yakan fita kasuwar Jos kowace rana ya yi wa'azi, har Ubangiji ya kira shi a 1948.

Amma Turawan Mishan kaɗan ne. Waɗanda suka riƙe aikin su ne iyayenmu da kakanninmu: manoma, masu kiwo, 'yan kasuwa, da marasa lafiya da suka ji Maganar Allah a asibitocin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, suka koma garuruwansu da ita. Da yawansu dangi sun ƙi su. An hana waɗansu gona, waɗansu kuma aure. Me ya tsai da su?

Abubuwa ne ƙanana da suke yi kullum. Da asuba a buga ƙarfe, a taru a yi addu'a kafin a tafi gona. Da dare a kewaye fitilar aci-balbal, wanda ya iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba. Zumuntar Mata sukan ziyarci mai jego da gwauruwa, wannan da itace, waccan da mudun dawa. Maza sukan yi gayya su nome gonar mara lafiya da ta mai bishara. Da kaka kowa ya kawo zakkarsa dami-dami. Da irin wannan aminci ne ikilisiyoyi suka yi ƙarfi, har aka kafa ECWA a 1954, TEKAN kuma a 1955.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila ka zo bikin nan da nauyi a zuciya: kuɗin makarantar yara, ciwon da ya ƙi ji, rashin aiki, ko gidan da salama ta ƙaurace masa. Ka tuna waɗanda suka riga mu ba su fi mu wadata ba, Allahnsu kuwa shi ne Allahnmu. Gobe da asuba ka tashi iyalinka ku durƙusa tare. Ka buɗe Littafinka ko da aya ɗaya ce. Ka riƙe gaskiya a mudu da ma'auni da wurin aiki. Kafin mako ya ƙare ka ziyarci wanda ya daɗe bai zo sujada ba.

Waɗanda za su yi bikin shekara 100 suna zaune a makarantar Lahadi yanzu, suna kallonmu. Ubangiji ya same mu da aminci. Amin.