Hawan jini: Yadda ake zaɓen magani idan lambar ƙasa ta hau

Awon jini lambobi biyu yake bayarwa, misali 130 bisa 95. Ta sama ita ce ƙarfin jini a jijiyoyi yayin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa, wadda likitoci ke kira dayastolik, ƙarfinsa ne yayin da zuciyar ta saki tsakanin bugu da bugu. Idan lambar ƙasa ta riƙa kai 90 ko fiye a awo na ranaku daban-daban, to hawan jini ne, ko da ta sama ba ta kai 140 ba. An fi ganin haka ga waɗanda ba su kai shekara 50 ba, kuma sakaci da shi kan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Babu maganin da aka keɓe wa lambar ƙasa ita kaɗai, duk maganin hawan jini yana sauke lambobin biyu. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a fara da ɗaya daga rukuni uku: masu ƙara fitsari kamar hydrochlorothiazide, masu sassauta jijiyoyi kamar amlodipine, da rukunin lisinopril ko losartan. Binciken CREOLE, wanda likitan zuciya Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide.

Halin majinyaci shi ke yanke zaɓi. Mai ciwon sukari da ya taɓa ƙoda ana fifita masa lisinopril ko losartan, amma ba a haɗa su biyun. Mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu, saboda suna cutar da jariri. Ana ba ta methyldopa, nifedipine ko labetalol. Amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari, hydrochlorothiazide kuwa kan rage sinadarin fotasiyam, kuma yana buƙatar lura a lokacin zafi da azumi.

Ga mazauna Riko da sauran garuruwan iyaka na Ƙaramar Hukumar Jibiya, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, akwai wani abin kula. Magani guda kan zo da sunan kamfani daban a kowane ɓangare na iyakar, har mutum ya sha kwali biyu na abu ɗaya bai sani ba. Saboda haka ya kamata majinyaci ya rubuta asalin sunan maganin da adadin miligiram ɗinsa, ya duba lambar NAFDAC a kan wanda ya saya a Nijeriya, ya kuma guji masu tallan magani a tasha, inda rana ke dukansa. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki suna ɗaga jini, suna kuma rage aikin maganin.

Ba a dakatar da magani don an ji sauƙi. Awon da ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko karkacewar baki yana buƙatar a garzaya Babban Asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina nan take.